Wa Zai Ɗauki Asara? Rancen Gwamnati ga Masu Ƙananan Sana'o'i a Nijeriya Zamanin SAP

Gabatarwa

Wannan takarda ta shafi wani ɓangare na tarihin tattalin arzikin Nijeriya, wato irin rancen da gwamnatin tarayya ta shirya wa masu ƙananan sana'o'i a shekarun matsin nan da aka fi sani da sunan SAP. Waɗanda ake nufi da masu ƙananan sana'o'i sun haɗa da teloli da makanikai da maƙera da masu gidajen burodi da masu injin niƙa da mata masu ƙosai ko ƙuli-ƙuli, har zuwa ga mai ƙaramar masana'anta wanda ke da ma'aikata ashirin ko talatin. Tsakanin 1986 da 1990 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumomi dabam-dabam domin kai wa waɗannan mutane jari. Kowace daga cikinsu tana da nata tsari, amma dukkansu sun ci karo da tambaya ɗaya: idan wanda ya karɓi kuɗin ya kasa biya, wa zai ɗauki asarar? Amsar da kowace hukuma ta bayar ita ce ta yanke wanda kuɗin ya isa gare shi da kuma tsawon ran hukumar kanta.

Kafin a shiga bayani, ya kamata ɗalibi ya bambance wasu kalmomi da akan cakuɗa su. Aro shi ne a karɓi abu a yi amfani da shi, sannan a mayar da shi kansa, kamar tabarma ko keke. Rance kuwa na abin da ake kashewa ne ko a cinye, a mayar da kwatankwacinsa, kamar kuɗi ko hatsi. Bashi shi ne abin da ya hau kan mutum, ko ta hanyar rance ko ta ɗaukar kaya ba a biya ba. Jingina ita ce kadarar da ake ajiyewa a hannun mai bin bashi, gida ko gona ko sarƙar zinariya. Lamuni kuma a wurin 'yan kasuwa ya ƙunshi yarda da tsaya wa mutum, wato wani ya ɗauki nauyin cewa idan wancan ya gaza shi zai biya. Kafafen watsa labarai sun faɗaɗa ma'anar kalmar har ta zama daidai da rance, shi ya sa suke kiran IMF Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A wannan takarda ma'anar 'yan kasuwa aka riƙe.

Yadda Matsin Ya Zo

Farashin man fetur ya fara faɗuwa a 1981, kuma da yake kusan duk kuɗin waje da Nijeriya ke samu daga mai yake fitowa, sai gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta fito da dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilu na 1982. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙara ɗaure igiyar. A watan Afrilu na 1984 ta canza launin takardun naira ta kuma rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe su ba sai a 1986. Mutanen Maraɗi da Damagaram ba su manta da wannan rufi ba, domin ya zo daidai da fari, har aka laƙaba wa yunwar wannan lokaci sunan El-Buhari.

Babangida ya karɓi mulki a watan Agusta na 1985. Ya bar jama'a suka yi muhawara a kan ko a karɓi bashin IMF ko kada a karɓa, a ƙarshen shekara ya ba da sanarwar cewa ba za a karɓa ba. Sai dai a tsakiyar 1986, lokacin da gangar mai ta faɗo zuwa wajen dala 10, ya ƙaddamar da shirin yi wa tattalin arziki garambawul, wato SAP, wanda ya ƙunshi yawancin sharuɗɗan da IMF da Bankin Duniya suke nema tun farko. An soke lasisin shigo da kaya, an rushe hukumomin sayen amfanin gona irin su na gyaɗa da auduga da koko, aka kuma fara gwanjon kuɗin waje a watan Satumba. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja a farashin gwamnati. A 1987 sai da naira 4 ake samun dala, a 1989 kuma sai da fiye da naira 7.

Abin da wannan ke nufi ga mai ƙaramar sana'a a fili yake. Zare da allurar keken ɗinki da fenti da ƙarfen walda da kayan gyaran mota, yawancinsu daga waje ake kawo su, ko kuma masana'antun Bompai da Sharaɗa da Kakuri su haɗa su da kayan da aka shigo da su. Jarin da ke cika shago a bara, bana rabi yake cikawa. Masu burodi sun gamu da nasu na daban, saboda an hana shigo da alkama daga farkon 1987. A ɗaya gefen kuma ma'aikacin gwamnati da leburan masana'anta, waɗanda su ne masu saye, an sallami wasu, sauran kuma albashinsu ya daina kai su ƙarshen wata, ga hauhawar farashi da ta kai wajen kashi 50 cikin ɗari a 1988 da 1989.

Ba wai kafin wannan lokaci talaka ba shi da hanyar samun jari ba ne. Akwai adashi, inda uwar adashi ke tara zubi, kowa ya kwasa idan layinsa ya zo. Akwai maigida a kasuwa irin ta Kantin Kwari, wanda ke ba yaronsa dila bashi ya sayar ya kawo kuɗi. A karar shanu kuma dillali ne ke tsaya wa mahauci a wurin mai dabba. Duk waɗannan hanyoyi a kan sanayya suka dogara, kuma mai ba da lamunin ya san gidan wanda ya tsaya wa. Matsalar ita ce matsin ya taɓa kowa a lokaci guda, maigidan kansa yana neman wanda zai ranta masa. Bankunan kasuwanci kuwa, duk da cewa yawan bankuna ya tashi daga wajen 40 a tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 120 a 1992, hankalinsu na kan cinikin kuɗin waje, inda riba ke zuwa cikin mako guda. An kuma sakar musu mara a kan kuɗin ruwa tun 1987. Tela ba shi da takardar mallakar fili da zai jinginar, ba shi da littafin lissafi, kuma wahalar da ma'aikacin banki zai sha wajen bincikar rancen naira dubu biyu ba ta da nisa da ta rancen miliyan biyu.

NDE da NERFUND

Gwamnati tana da samfurin da za ta duba. Tun 1977 aka kafa asusun ba da lamuni ga rancen noma, wanda Babban Bankin Nijeriya ke gudanarwa. A tsarinsa banki ne ke ba manomi kuɗi daga aljihunsa, idan manomi ya gaza sai asusun ya biya bankin kashi 75 cikin ɗari na abin da ya maƙale. Ke nan an raba asara gida biyu, gwamnati ta ɗauki babban kaso, banki ya ɗauki abin da zai sa ya buɗe ido kafin ya bayar.

Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, wadda ta fara aiki a farkon 1987, ta ɗauki wani abu mai kama da wannan. Ta ajiye kuɗi a wasu bankuna a matsayin lamuni, domin su ranta wa matasan da suka gama karatu suka rasa aiki su kafa sana'a, shi kuma matashi ya ajiye takardar shaidar digirinsa a maimakon jingina. Dabara ce mai ban sha'awa a takarda. Amma jingina tana da amfani ne idan za a iya sayar da ita, kuma babu kasuwar da ake sayar da digirin wani. Bugu da ƙari, shirin sababbin shiga ya nufa, ba tsohon maƙerin da sana'arsa ke neman durƙushewa ba.

A 1989 aka kafa NERFUND, asusun farfaɗo da tattalin arziki, domin ƙanana da matsakaitan masana'antu masu amfani da kayan cikin gida. Rancensa na dogon zango ne, na sayen injuna, kuma wani kaso na kuɗin daga waje aka samo shi, ciki har da Bankin Raya Afirka. Asusun ba ya ba mai masana'anta kuɗi hannu da hannu. Sai ya bi ta bankinsa, kuma bankin ne zai biya asusun ko an biya shi ko ba a biya shi ba. A nan ke nan an juya tsarin 1977: gwamnati ta kawo kuɗi, banki ya ɗauki dukkan asara. Sakamakon haka bankuna suka riƙa zaɓar mutanen da ko babu NERFUND za su iya ranta musu.

Waɗanda suka samu ma ba su tsira ba, musamman masu rancen kuɗin waje. Alal misali, a ɗauka mai masana'antar sabulu ya karɓi dala 100,000 a 1990, lokacin da dala take wajen naira 8. Bashinsa naira 800,000 ne. A watan Maris na 1992 aka sake karya darajar naira, a 1993 dala ta kai naira 22, bashin ya zama naira miliyan 2.2 ba tare da an lissafa ruwa ba. A 1995, a kasuwar da 'yan kasuwa ke sayen dala, farashin ya haura naira 80, bashin ya wuce miliyan 8. Sabulun nan kuwa da naira ake sayensa, a hannun mutanen da albashinsu bai ninka sau goma ba. Wato faɗuwar naira, wadda ita ce ciwon da aka ba shi rance domin ya jure, ita ce kuma ta mayar da rancen ajalin masana'antar. Bankunan da suka tsaya a tsakiya su ma da yawa sun shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, har a watan Janairu na 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya.

Bankin Talakawa

Hukumar da ta fi kusa da talaka, wadda kuma ta fi cancantar a tsaya a kanta, ita ce People's Bank of Nigeria, wato Bankin Talakawa. Ba za a fahimci kafuwarsa ba sai an tuna da abin da ya faru a watan Mayu na 1989, lokacin da zanga-zangar ƙin jinin SAP ta tashi daga ɗaliban jami'a a Benin ta bazu zuwa Legas da wasu garuruwa. An rasa rayuka, an rufe jami'o'i. Bayan ƙura ta lafa gwamnati ta fito da matakan rage raɗaɗi, kuma a watan Oktoba na wannan shekara aka buɗe bankin, aka fara daga Ajegunle, ɗaya daga cikin unguwannin marasa galihu na Legas. Dokar soja da ta tabbatar da shi sai a 1990 ta fito. Wannan jeri na abubuwa yana da muhimmanci: an buɗe ƙofa kafin a gama rubuta doka, domin buƙatar siyasa ta riga ta banki.

An naɗa Maria Sokenu manajan darakta, aka kuma ba Tai Solarin shugabancin hukumar gudanarwa. Solarin malamin makaranta ne, wanda ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne a 1956, an san shi da gajeren wando na kaki da kuma sukar gwamnatoci, har gwamnatin Buhari ta tsare shi fiye da shekara guda. Naɗa shi ya jawo wa bankin yardar jama'a, ya kuma rage wa gwamnati mai suka ɗaya.

An ce an kwaikwayi tsarin bankin Grameen na Bangaladash, wanda Muhammad Yunus ya faro a ƙauyen Jobra a 1976, ya zama cikakken banki a 1983. A Grameen na wancan lokaci mutum biyar ne ke haɗa ƙungiya, ba a neman jingina, ana biya mako-mako a gaban jama'a, kuma ba a ba na baya sai na gaba sun nuna suna biya. Kowane memba dole ya riƙa ajiya, kuma masu cin bashin su ne suka mallaki yawancin hannun jarin bankin. Bahaushiyar da ta san adashi ba za ta ga baƙon abu a nan ba, domin kunyar idon maƙwabta ce jinginar.

Bankin Talakawa ya ɗauki siffar wannan tsari. Ba ya neman jingina, ana zuwa a ƙungiya, rancen farko bai wuce naira 2,000 ba, daga baya aka ɗaga. Abin da ake ɗorawa a kai kuma ba a kira shi ruwa ba, an kira shi ladan aiki, kuma ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da na bankunan kasuwanci. Wannan suna yana da nasa amfani a Arewa, inda 'yan kasuwa da yawa ke ƙaurace wa banki saboda haramcin riba. Naira 2,000 a 1989 ta kai wajen dala 270, kuɗin da zai iya sayen keken ɗinki ko ya cika tiren mai koli. Ba a yi adalci ba idan aka ce bankin bai yi komai ba. Mutane masu yawa da ba su taɓa taka ƙofar banki ba sun samu jari a lokacin da babu mai ba su, kuma ga wanda ke da masu saye amma kaya suka fi ƙarfin jarinsa, irin wannan ɗan rance yakan raba shi da rufe shago.

Abin da ba a ɗauko daga Grameen ba shi ne haƙuri da kuma mallaka. Yunus ya yi shekara bakwai yana gwaji kafin ya samu lasisi. Bankin Talakawa cikin 'yan shekaru ya buɗe rassa fiye da 200, domin kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma tana son nata, kuma babu yadda za a horar da ma'aikatan da za su san kowace ƙungiya a irin wannan gaggawa. Inda ba a san mutane ba, ƙungiya takan zama jerin sunaye da aka haɗa a bakin ƙofa ranar karɓar kuɗi, wani lokaci ma sunayen mutanen da babu su. Kuɗin kuma na gwamnati ne, ba ajiyar maƙwabci ba. A adashi wanda ya ƙi zubi ya san fuskar wadda ya cuta, zai kuma gamu da ita a gidan suna. A nan kuwa mutane da yawa sun ɗauki rancen a matsayin rabonsu na arzikin mai, musamman ganin cewa manyan da suka ci bashin miliyoyi a bankunan gwamnati ba a ga abin da ya same su ba. A 1992 Tai Solarin ya ajiye muƙaminsa, yana kukan cewa ana almundahana a cikin bankin kuma gwamnati na jan ƙafa wajen gurfanar da waɗanda ake zargi. Ya rasu a 1994.

Akwai kuma wata asara da ba ta shafi halin kowa ba. Ko da kowane mai bashi ya biya daidai ranar da aka yanka masa, bankin da ke karɓar ɗan ƙaramin lada a shekarar da farashi ya tashi da kashi 57 cikin ɗari, kamar 1993 da 1994, ko fiye da kashi 70 kamar 1995, jarinsa narkewa yake yi kamar gishiri a ruwa. Naira 2,000 da ta kai dala 270 a 1989 ba ta kai dala 25 ba a kasuwar 1995. Saboda haka bankin bai taɓa tsayawa da ƙafafunsa ba, kullum sai ya jira kason gwamnati, kuma da gwamnatin da ta haife shi ta sauka a 1993, waɗanda suka biyo baya suna da nasu shirye-shiryen da suke son a san su da su. A taƙaice, a takarda ƙungiya ce ke ɗaukar asara, a aikace baitulmali ne, kuma baitulmali yakan gaji.

Bankunan Al'umma da Abin da Ya Biyo Baya

Hukuma ta huɗu ta gwada wata amsar. A ƙarshen 1990 aka buɗe bankin al'umma na farko, Alheri, a Tudun Wadar Kaduna, ƙarƙashin shirin da masanin labarin ƙasa Farfesa Akin Mabogunje ya jagoranta. A wannan tsari mutanen gari ne ke tara jari ta hannun ƙungiyoyinsu na ci gaba, gwamnati ta ƙara musu da rance, su kuma su ranta wa waɗanda suka sani. A tsakiyar shekarun 1990 yawansu ya haura 1,000. Da yawa sun mutu, wasu saboda kuɗinsu ya maƙale a manyan bankunan da suka durƙushe, wasu saboda shugabanninsu sun ranta wa kansu. Amma waɗanda suka rayu su ne aka mayar bankunan ba da ƙananan rance bayan manufar da Babban Banki ya fitar a watan Disamba na 2005.

Shi kuwa Bankin Talakawa, a shekara ta 2000 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta haɗe shi da Bankin Manoma da ke Kaduna da kuma shirin FEAP na zamanin Abacha, aka samu banki ɗaya wanda daga baya aka sa wa suna Bank of Agriculture. A 2001 kuma aka kafa Bankin Masana'antu domin ya gaji aikin NERFUND da wasu bankunan raya ƙasa guda biyu.

Shekara talatin bayan buɗe reshen Ajegunle tambayar ta sake dawowa. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta rufe kasuwanni, Babban Banki ya ware naira biliyan 50 domin magidanta da masu ƙananan sana'o'i, a kan ruwa kashi 5 cikin ɗari, ta hannun bankin ba da ƙananan rance na NIRSAL. Wannan karon ba a nemi ƙungiya ba, ta intanet ake cika takarda, da lambar BVN wadda ke haɗa duk asusun da mutum yake da shi a bankunan ƙasar. Kamar a 1989, mutane da yawa sun ɗauka kyauta ce. Sai dai daga 1 ga Agusta 2020 wata ƙa'ida ta Babban Banki ta fara aiki, wadda ta ba mai bin bashi ikon cire kuɗinsa daga kowane asusu na wanda ya ƙi biya, ko a wane banki yake. Da wa'adin rancen korona ya cika, an yi amfani da ita, kuma wasu sun fara sanin cewa bashi suka ci ne ranar da saƙon cire kuɗi ya shigo wayarsu.